Fara Mai Warin Hayaƙi

Shafi na 19

Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in na sake sa Nandawula kuka za ta biyo ni Kampala da kanta. Ki zo, akwai matoke, dafaffiyar ayabarmu, a tukunya. Ku gyara zama, ga na yau.

*

Tun daga matakala Nandawula ta ji ƙarar.

Cak ta tsaya, lemarta na ɗigar da ruwa a kan takalminta. Siririn kukan nan ne na mazan farar nsenene in sun taru da yawa wuri guda. Rabon ɗakin da wannan ƙara tun watan Satumba, tun ranar da ta dawo daga jana'izar kakarta a Mityana ta tarar da kejinanta wayam, abokin sana'arta Kyeyune ya ce mata cuta ce ta shigo ta share su.

Da gudu ta ƙarasa hawa. Ɗakinsu shi ne na ƙarshe a cibiyar sana'ar ɗalibai, bayan tsangayar noma, an manna takarda a ƙofar mai ɗauke da sunan kamfaninsu: Nsenene Buli Lunaku. Wato fara kullum. Alkawarin da suka yi wa duniya ke nan, cewa farar da duk ƙasar ke jira sai lokacinta ya zo, su za su kiwata ta a keji, a ci ta kowace rana ta Allah.

Ta tura ƙofar.

Kejinan a cike suke dam. Kore, ruwan ƙasa, suna hawa kan juna a jikin raga, suna faɗowa, suna sake hawa.

Kyeyune na tsaye gaban taga yana ɗaura wa wuyansa taye. Shi ne bakin kamfanin, ɗalibin kasuwanci, wanda in ya fara magana har malamai mantawa suke da agogo. Bai juyo ba ya ce, "Kin makara, 'yar sarki. Zo ki gaishe da danginki, sun dawo."

Tsokanar da ya saba ce. Nandawula 'yar dangin Nsenene ce, a gidansu ba a cin ta, ko ɗanɗana abin da take kiwo ba ta taɓa yi ba. A da dariya take yi. Yau ko kallonsa ba ta yi ba.

Ta ajiye lemar, ta buɗe keji na farko, ta kamo ɗaya a tsakanin yatsunta. Ƙafar baya ɗaya babu. Bakin fiffiken ya ƙone ya nannaɗe. Ta kai ta hanci.

Hayaƙi. Hayaƙin ɗanyar ciyawa, irin wanda masu tarko ke turnuƙawa ƙarƙashin fitilu don farar ta bugu ta zame kan kwanon rufi ta faɗa duro.

"Daga ina?"

"Nanda, ki saurare ni tukuna."

"Daga ina, Kyeyune?"

Ya juyo. Idanunsa jawur kamar an zuba barkono, irin na masu kwana gaban fitilun tarko, ga wani jan tabo a wuyansa da kwalar riga ta kasa rufewa, irin ƙunar da ƙwaron nan mai bin fitilar masu tarko ke yi wa fata.

"Masaka," ya ce.

"Na gani a idonka. So nake in ji a bakinka."

"To kin ji. Masaka na je, na sayo masu rai wurin masu tarko, na sa su a kwando na rungume su a tasi har Kampala kamar jariri. Ki ce min sannu mana."

"Sannu da aikin ƙarya."

"Ba ƙarya ba ce."

"Me ce ce?"

Ya ƙarasa ɗaura tayen, ya ja shi da ƙarfi har sai da ya yamutsa fuska. "Nnyabo Kobusingye na hanya. Matar da kayan kamfaninta ke kan kowace kanta a garin nan za ta tako ƙafarta ta hau wannan matakalar don ta ga abin da muka ce muna yi. Me kike so in nuna mata? Raga? In ce Nnyabo, ga wurin da farar take da zama lokacin tana raye?"

"Mun yi magana. Mun ce za mu gaya mata sun mutu, mu nuna mata hotuna da bayanan gwaji."

"Ke kika ce. Ni shiru na yi."

"Shirunka na ɗauka amincewa."

"Laifinki ne wannan."

Ta mayar da farar cikin keji ta rufe a hankali. Ta sauko da rigar gwaji da ke rataye a ƙusa ta saka.

Kyeyune ya sassauta murya. Wannan muryar ce Nandawula ta fi jin tsoro, don ita ce ta sa ta bar karatun jarabawa ta kwana biyu tana ƙera keji, ita ce ta sa malaminta Dokta Opolot ya sa hannu aka ba su ɗakin.

"Nanda, ki duba ni. Mun taɓa yi ko ba mu taɓa yi ba? Kin kiwata su daga ƙwai har suka girma suka yi nasu ƙwan, 'ya'yan ma suka girma suka yi nasu. Ba wanda ya taɓa kai wa nan a cikin ɗaliban makarantar nan. Abin da za ta gani yau, abin da muka riga muka yi ne. Fuskar farar ce kawai ta canja."

"Ka ji kanka kuwa?"

"Ina jin kaina sarai. Ina kuma jin shugaban cibiya da ya ce in zangon nan ya ƙare ba mu samu mai zuba jari ba, mu kwashe kayanmu, yaran nan masu manhajar zuma su shigo. Har sun zo sun auna inda za su sa tebur, ina tsaye."

"Sai mu kwashe."

"Sai mu kwashe." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ke kina da digiri a hannu, wata shida ya rage miki. Ni fa? Na ajiye zango guda cur saboda wannan ɗakin. Babana a Mukono yana gaya wa mutanen coci ɗansa zai gama bana. Kin san ranar da zan je in tsaya gabansa in ce masa ba na cikin masu fita, kuma kamfanin da na bar karatu dominsa ya zama ɗakin 'yan zuma?"

Ta san tsohon. Ya taɓa zuwa da buhun rogo a kan boda, babur ɗin haya, ya shiga ɗakin ya cire hula, ya tsaya yana kallon kejinan kamar ya shiga banki.

"Ban ce ba ka sha wahala ba," ta ce.

"To ki yi shiru na awa ɗaya. Ban ce ki yi ƙarya ba. Ni zan yi maganar. In ta tambaye ki zafin ɗaki da abincinsu, ki amsa. Shi ke nan."

"In ta sa hannu fa? In ta ce a watan Fabrairu tana son buhu-buhu, lokacin da babu fara ko ɗaya a sararin Masaka?"

"Kafin Fabrairu kin gano cutar."

"Ban gano ta ba, Kyeyune. Wata biyu ina nema. Na wanke kejinan nan har fatar hannuna ta ɗaye. Na kai abincinsu ɗakin gwaji, na kai ruwan, na kai ƙasar. Babu komai. Da ka bar min gawa ko ɗaya da na san abin da ya kashe su, amma ka ce ka ƙone su duka."

"Don kar ta yaɗu."

"Ta yaɗu zuwa ina? Me ya rage da za ta kama?"

Ya juya yana gyara kwalayen samfur a kan tebur, waɗanda tun shigowarta a jere suke.

Ƙofa ta buɗe da ƙafa. Atuhaire ce ta shigo da baya-baya, rungume da faranti babba an rufe shi da tawul, ƙanshin albasa da man fara ya riga ta shigowa. Ita ce ta uku a kamfanin, ɗalibar kimiyyar abinci, suya da ƙulli duk a hannunta suke.

"Ku matsa min, hannuna zai ɓalle. Ruwan nan ya sa 'yan boda sun zama sarakuna yau, wani har cewa ya yi in biya wa farantin kuɗin kujera." Ta dire shi, ta dubi kejinan, ta dubi Nandawula. Murmushinta ya ragu. "Au. Kin gani ke nan."

"Ke ma kin sani?"

"Da asuba ya kira ni." Atuhaire ta shiga goge hannunta da tawul ɗin. "Na gaya masa ba za ki yarda ba. Na ce masa wannan ba irin wancan karon ba ne, wancan ko ba komai namu ne muka soya, kuma da izininki."

"Atu," in ji Kyeyune.

Yadda ya kira sunan ne ya sa Nandawula ta ɗago.

"Wane karon?"

"Na samfur ɗin mana, da muka aika wa Nnyabo Kobusingye ofis. Lokacin kina Mityana."

"Atu, je ki duba ko motar ta iso."

"Tsaya inda kike." Nandawula ta tako ta shiga tsakaninsu. "Wane samfur? Kyeyune ya ce min hotuna da takardun gwaji ya aika mata."

Atuhaire ta dubi Kyeyune. Ya kafe idonsa a kan kwalaye. A hankali ta daina goge hannun.

"Kyeyune," ta ce, murya can ƙasa, "ka ce min ka kira ta."

Sai kukan farar da ya cika ɗakin.

"Ka ce min ka kira ta a gidan makoki, ta ce a soya manyan, akwai ƙwai a ajiye. Na tambaye ka har sau biyu. Na ce Nanda ba ta barin kowa ya taɓa iyayen. Ka ce ita da bakinta."

Nandawula ta laluba bayanta ta dafa gefen tebur.

"Kun soya su."

"Nanda, wallahi ban sani ba, da na sani..."

"Ba da ke nake ba." Idonta na kan Kyeyune. "Babu wata cuta."

Ya shafa fuskarsa da tafin hannu, ya taɓo ƙunar wuyansa, ya yi saurin janye hannun.

"Matar ta ce ba ta yarda da hoto," ya ce. "Ta ce kowa na iya yin hoto a waya. Ta ce in da gaske muke, mu kawo mata sabuwar nsenene soyayyiya a watan Satumba, lokacin da ko da zinariya ba za ka same ta a kasuwa ba. Ta ba ni zuwa ƙarshen mako. Na kira ki, wayarki a kashe."

"Ina binne kakata."

"Na sani. Me zan yi? In bar damar ta wuce? Na duba na ga sun yi ƙwai a ciyawar keji, na ce kafin ki dawo sun ƙyanƙyashe, ba ma za ki ji zafin abin ba."

"Ka jiƙa ciyawar?"

Ya kau da kai.

"Ka jiƙa ta, Kyeyune? Sau nawa na nuna maka? Na ce in ta bushe ƙwan ya mutu."

"Na manta. Ina ta zirga-zirgar kwali da ofishinta. Da na tuna, ta zama kamar tsintsiya."

"Sai ka ƙone ta ka ce min cuta."

"Da na gaya miki gaskiya a ranar, da kin fita daga kamfanin."

"Da na fita."

"To kin gani."

Ta dube shi, ta kasa gane mutumin. Tun shekararsu ta farko suke tare, tun suna raba rolex ɗaya, gurasar chapati da aka naɗe da ƙwai, gida biyu a bakin titin Wandegeya suna zana keji a bayan takardar naɗin. Ya ga yadda ta rame a wata biyun nan. Yana zaune a wannan kujerar ranar da ta je ofishin Dokta Opolot ta ce masa hanyarta ce ba ta da kyau, ya soke babi na huɗu na aikin kammala karatunta. Da ta dawo tana kuka, shi ya sayo mata shayi da chapati, ya dafa kafaɗarta ya ce kar ta zargi kanta.

"Ka sayo min shayi," ta ce.

"Me?"

"Ranar da na soke babina. Ka sayo min shayi, ka zauna kana kallona ina sha."

Atuhaire ta rufe bakinta da tawul.

"Nanda, na yi kuskure, na yarda," in ji shi da sauri, yana matsowa. "Ki zage ni, ki mare ni, gobe ki kai ni gaban Dokta, duk na ɗauka. Amma ki duba abin da wannan ke nufi. Hanyarki ba ta da matsala. Babu cuta. Za ki iya sake yi. Ga iyaye nan cike da keji, ki zaɓi masu lafiya ki fara daga yau. Abin da muke buƙata kawai matar nan ta sa hannu."

"Har ka mayar da shi labari mai daɗi."

"Gaskiya ce ai."

"Bakinka ko gawa zai iya sayarwa a ce barci take."

Wayarsa ta yi ƙara a kan tebur. Ya duba.

"Sun shigo ƙofar makaranta."



Akwai abin da Nandawula ba ta gaya wa kowa ba, sai Acen da suke ɗaki ɗaya a hostal ɗinsu na Kikoni. Ana gobe za ta tafi Mityana, ta yanko damin ciyawa ɗaya mai ƙwai ta tafi da shi ɗaki, don tana son gwada wani sabon abinci a kan 'ya'yan. Acen ce ta riƙa yayyafa masa ruwa tana mita. Sun ƙyanƙyashe. Ba su da yawa, ba su kai cikin tafi biyu ba, suna cikin bokitin roba da ta ɗaure wa baki da tsohon gidan sauro, a ƙarƙashin teburin karatunta. Ba ta kawo su cibiya ba don tana tsoron cutar da ta ɗauka tana cikin ɗakin. Ba ta gaya wa Kyeyune ba don ta san kafin rana ta faɗi zai sa su a shafin kamfani ya ce dubu ne.



"Me za ki yi?" Atuhaire ta tambaye ta a hankali.

"Ban sani ba."

"Nanda," in ji Kyeyune, "don girman Allah. Don tsohon nan na Mukono."

"Kar ka sake sa tsohon nan a bakinka yau."

Takun takalmi ya fara hawowa matakala. Kyeyune ya gyara tayensa, ya ja numfashi, ya buɗe ƙofa da murmushin da ya cika fuskarsa kamar ba shi ba.

Nnyabo Kobusingye gajeriya ce, mai jiki, da furfura kaɗan a gaban goshi da ba ta damu ta rina ba. Dokta Opolot na biye da ita riƙe da lemarta, shi da ko jakar kansa ɗalibai ke ɗaukar masa. 'Yan matan suka rusuna suka gaishe ta.

"Ku tashi, 'ya'yana, ƙasa da sanyi." Ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana juyawa a hankali. "To. To, to. Dokta, ashe ba cika baki kake ba."

"Na gaya miki, Nnyabo. Sun samu 'yar tangarɗa a baya, amma ga shi." Ya dubi Nandawula ta saman tabarau, da mamaki da jin daɗi a fuskarsa. "Ba ki gaya min sun farfaɗo ba, Nandawula. Kin ɓoye wa malaminki."

Ta kasa haɗa ido da shi.

Kyeyune ya fara. Ya yi maganar matan da ke zaune bakin titi suna fige fara wata biyu a shekara, sauran watannin su koma zaman jira. Ya yi maganar samarin da fitilun tarko ke cinye wa ido. Bai ji kunyar nuna nasa idon ba, ya ce ya je ne ya ga wahalarsu da kansa. Nnyabo Kobusingye na gyaɗa kai, ta ɗebi soyayyiyar a farantin Atuhaire tana ci ɗaya-ɗaya.

"Wadda kuka aiko min a Satumba," ta ce, "na kai wa mahaifiyata. Tsohuwar ta ce ƙarya nake, sai da ta ci. Ta ce wa ya saukar da nsenene ba a lokacinta ba? Ita ta sa na zo." Ta karkaɗe hannunta. "Ba na son dogon zance. Na zo da niyyata. Amma kai, ɗana, na ji ka isasshe. Wace ce mai kiwon?"

"Ga ta nan, Nnyabo. Nandawula."

Matar ta tako har gabanta. Idanunta ƙanana ne, ba sa yawo.

"Nandawula. Ke ba 'yar dangin Nsenene ba ce?"

"Ni ce, Nnyabo."

"Kina kiwon kakanninki kina ba mu muna ci." Ta yi dariya, Dokta ya taya ta. "To gaya min, 'yata. Waɗannan da nake gani, zuriya ta nawa ce a hannunki?"

Ta bayan kafaɗar matar, Kyeyune ya haɗe tafukansa biyu a ƙirji. Leɓɓansa na motsi babu sauti.

Kalma ɗaya ce Nandawula za ta faɗa, ta uku. In ta faɗe ta, ɗakin nasu ne, babinta ya dawo, tsohon Mukono ba zai ji komai ba. Ta dubi Dokta Opolot, wanda ya sa sunansa a kan takardar ɗakin nan ranar da duk sauran malamai suka ce wasan yara ne. Yana mata murmushi, yana jira.

"Ba nawa ba ne, Nnyabo."

"Na'am?"

"Waɗannan ba a nan aka haife su ba. Daga tarkon Masaka suke. Yau da safe suka shigo ɗakin nan."

Atuhaire ta sunkuyar da kai. Dokta Opolot ya cire tabaransa a hankali, ya riƙe a hannu kamar bai san abin da zai yi da shi ba.

"Nnyabo, bari in yi bayani," in ji Kyeyune. "Abin da take nufi shi ne mun kawo sabon iri don mu..."

"Ssebo," in ji matar, wato malam a bakinsu. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma juya ba. "Na ce na ji ka isasshe."

Ta buɗe keji da kanta, ta kamo ɗaya, ta juya ta, ta shinshina. Ta daɗe tana kallon ƙonannen fiffiken. Da ta ɗago, fara'ar nan duk ta tafi.

"Na bar taro na zo nan. Na kai wa uwata abinku. Wancan farar ma ta tarko ce kuka ajiye a firji?"

"A'a, Nnyabo. Wannan tamu ce. Iyayen da nake kiwo ne aka soya miki, ba da sanina ba. Shi ya sa kejinan suka zama wayam."

"Aka soya iyayen." Dokta ne ya maimaita, yana kallon Kyeyune. "Cutar ke nan?"

Kyeyune bai ɗago ba.

Nnyabo Kobusingye ta saki farar a cikin keji, ta ciro hankici ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta karɓi lemarta daga hannun Dokta.

"Ɗaya ya yi min ƙarya, ɗaya ta ce min samfurin farko na gaskiya ne. Dukanku kamfani ɗaya kuke. Wa zan yarda da shi?" Ta nufi ƙofa. "Dokta, ka gaishe da iyali."

"Akwai masu rai."

Matar ta tsaya, hannunta a kan ƙofa.

"Akwai waɗanda aka haifa a hannuna," in ji Nandawula. "'Ya'yan waɗanda kika ci. Ba su da yawa. Ko fiffike ba su yi ba tukuna, duk wanda ya san nsenene ya san tarko ba ya kama marar fiffike. Suna ɗakina a Kikoni."

Kyeyune ya ɗago da sauri. "Nanda? Kina da... tun yaushe?"

Ko inda yake ba ta kalla ba.

Nnyabo Kobusingye ta duba agogon hannunta, ta dubi yarinyar.

"Kikoni nan bayan katanga?"

"E, Nnyabo."

"Motata na ƙasa. Zan ga abin nan da idona, ke da ni da Dokta. In na tarar da shi yadda kika faɗa, za mu zauna, ke kaɗai. In kuma wani labarin ne, zan tabbatar ba wanda na sani da zai sake hawa matakalar cibiyar nan saboda ɗalibi. Kin yarda?"

"Na yarda."

"Kira wanda ke ɗakin ya buɗe mana. Ba na son tsayuwa a ruwa."

Nandawula ta ciro wayarta. A lokacin ta ga kiran Acen har ya cika fuskar wayar, ta sa ta a shiru tun da safe saboda baƙuwar. Ta danna, bugu ɗaya aka ɗauka.

Hayaniya ce ta fara shigowa, muryoyin 'yan mata da yawa, da ƙarar wani inji.

"Nanda, ina kika shiga? Tun ɗazu nake nemanki."

"Acen, kina ɗaki? Gani nan zuwa da baƙi, ki..."

"Wane ɗaki? Duk muna waje a ƙarƙashin baranda. Na fita sayen chapati na dawo na tarar mai kula da gida ya rufe ƙofar bene. Masu feshin kuɗin cizo ya kawo, wai 'yan hawa na biyu sun kai ƙara wurin mai gida. Ya ce ba mai shiga sai yamma."



"Ɗakinmu a kulle yake ai."

"Yana da makullin kowa, Nanda. Na roƙe shi, na ce akwai abu a ciki, ya ce in ba jariri ba ne in matsa masa."

"Suna ina yanzu?"

Acen ta yi jim, kamar tana leƙa sama.

"Sun gama ɗakin maƙwabtanmu su Apio. Ga shi can yana gwada makulli a ƙofarmu."

Daga bakin ƙofa Nnyabo Kobusingye ta buɗe lemarta.

"To, 'yata," ta ce. "Mu je ko?"